Malama da Nas Mun Gani, Ina Injiniya? Tsokaci a Kan Mace Ma'aikaciya Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Malamanmu sun sha faɗa mana a aji cewa adabi madubi ne, watau a cikinsa al'umma take duba fuskarta, ta ga inda ya yi kyau da inda ke bukatar wanki. Ban zo don in musa wannan magana ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, yarinya mai tasowa tana da wani amfani dabam da take yi da madubi: a gabansa take gwada ɗaurin ɗankwalin da ba ta taɓa fita da shi ba, ta ga ko zai karɓe ta.

To, a wannan 'yar takarda ina so in duba irin ɗaurin da ƙagaggun labaranmu suka ba mace ta gwada ta fuskar sana'a da aiki, musamman aikin fasaha, watau injiniyanci da lantarki da kwamfuta da makamantansu. Zan ɗauki kaɗan daga cikin littattafan da muke nazari, in auna su da abin da idona ya gani a ƙasarmu ta Maradun da Talatar Mafara da Bakura. Ra'ayina a taƙaice shi ne, marubutanmu sun yi namijin ƙoƙari wajen kai mace makaranta, amma da ta fito sai suka nuna mata ƙofa biyu ko uku kurum, suka bar ta ɗakin injin a rufe.

Mafarin Magana

A hutun da ya wuce na koma gida Maradun, na tarar ƙura ta tashi a gidanmu. Ƙanwata da ta gama sakandare ta ce ita karatun lantarki za ta yi. Wannan yarinya tun tana firamare ba a ajiye rediyo ko tocila kusa da ita, sai ta kwance ta ga abin da ke ciki. Yau ita ce mai gyara wa matan unguwarmu fitilar sola da cajar waya, ba ta karɓar ko kwabo, kowa kuma yana sa mata albarka. Amma ran da ta ce abin nan shi za ta riƙa sana'a, sai Baba ya yi shiru, Inna ta ce a bari a yi shawara, kakarmu kuwa ta tafa hannu ta ce, "Mi yag gama ɗiya mace da ƙarhe? Ga aikin asibiti nan, ga malanta."

Da dare ta same ni ina shirya littattafaina, ta ce, "Yaya, kai da kake karatun Hausa a jami'a, ba ni aron littafi guda wanda yarinyar ciki ta zama injiniya, in karanta wa Inna." Na zazzage jakata, na kuma bi duk waɗanda na karanta a ka, ɗaya bayan ɗaya. Na sami malaman makaranta, na sami nas-nas da likitoci, na sami 'yan kasuwa da matan attajirai, amma ban iya miƙa mata ko guda ba. Kunyar da na ji a wannan dare ita ta haifi wannan takarda.

Na'ura a Hannun Wa Take?

Bari mu faro daga tushe. A shekarar 1933 aka yi gasar rubutun ƙagaggun labarai a Zariya a ƙarƙashin jagorancin Dakta R. M. East, wadda ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Duk maza ne suka rubuta su, kuma duk maza ne taurarinsu. Namiji shi ne mai tafiya, mai dabara, mai yaƙi, mai neman ilmi. Mace kuwa ko dai uwa ce mai neman ɗanta, kamar mahaifiyar Umar, ko kuwa budurwa ce da maza biyu suke jayayya a kanta, kamar Zainabu ta Jiki Magayi. Ba na ganin laifin waɗannan magabata, domin a lokacin karatun boko na 'ya'ya mata a Arewa ko rarrafe bai fara sosai ba. Sai dai su ne suka aza harsashin da na baya suka yi gini a kai.

Littafin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata. A nan ne marubucin Hausa ya ɗauki yaron ƙauye, Kilba, ya haɗa shi da baƙo daga wata duniya, ya sa shi cikin na'ura ya kai shi sararin samaniya. Wannan ba ƙaramar jarunta ba ce. Umaru Dembo bai jira sai wani Bahaushe ya shiga kumbo sa'an nan ya rubuta ba. Ya riga zamaninsa, ya ce wa yaran makaranta wannan fage ba na Turawa kaɗai ba ne. Amma mai karatu ya lura, tauraruwar da ke cikin sunan littafin ta sama ce, ba ta labari ba. Wanda aka ɗauka a kai shi ya gano abin mamaki yaro ne namiji.

Da Mata Suka Ɗauki Alƙalami

Abubuwa sun fara sakewa a 1980, sa'ad da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a Gusau. A karo na farko mace ta rubuta, mace ce kuma tauraruwa. Boɗaɗo ta tsaya kai da fata a kan wanda za ta aura, ta ƙi bin zaɓin dangi. Zaɓin miji shi ne yaƙin farko, kuma dole a ci shi kafin a je ga na biyu.

Yaƙi na biyu shi ne na ilmi, kuma babu wanda ya yi shi da zafi kamar Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na 1990 mun ga Abu, yarinya mai son karatu, mahaifinta ya fitar da ita daga makaranta. Ɗan'uwanta da aka yi niyyar ba shi ita ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, sai aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya karanta wannan littafi ya san marubuciyar ba ta yi wa al'umma kara ba, ta kuma fito da muguntar auren dole a fili yadda mai ido ba zai iya kawar da kai ba.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da mai nazari zai tsaya a kansu. Na farko, sunan littafin kansa ya ɗaure ilmin mace da kasuwar aure. Na sani marubuciyar gatse take yi, tana mai da wa maza maganarsu. Amma yawancin waɗanda suka biyo bayanta gatsen ya wuce su, sai suka ɗauki zancen a kan fuskarsa, har digiri ya zama wani abin ado da ake ƙara wa tauraruwa, kamar dogon gashi da farar fata, don ta cancanci auren mai kuɗi. Na biyu, ƙarfin labarin yana ga wahalar neman ilmin. Aikin da ya biyo baya lada ne, kuma hujja ce a kan waɗanda suka raina Abu.

Wannan abu ya fi fitowa a Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990. Rabi ba ta kama sana'ar sayar da abinci gadan-gadan ba sai da Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya. Ta tsaya da ƙafarta, ta ciyar da yaranta, har ta aurar da Saudatu. Amma da wuta ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai dangi suka taru suka mai da ita ɗakinta. A nan marubuciyar gaskiyar rayuwa ta faɗa, kuma ɗacin ƙarshen labarin da gangan ta bar shi. Sai dai idan muka jera littattafan da suka bi wannan sawu, har zuwa na soyayya da suka cika kasuwa daga shekarun 1990, za mu ga zubi guda yana ta maimaituwa: mace takan yi aiki ne domin wani namiji ya ci amanarta. Aiki magani ne na wulaƙanci. Da wuya ka ga wadda ta kama aiki don hannunta yana ƙaiƙayin abin, don in ta ga na'ura ta tsaya ba ta iya barci sai ta gano dalili. To, irin wannan mace ita ce injiniya, kuma ita ce ƙanwata.

Me ya sa kullum sai malanta da jinya? Domin su ne suka yi kama da tarbiyya da reno, ayyukan da al'umma ta riga ta yarda na mata ne. Marubuciyar da take so uba mai tsauri ya bar 'yarsa ta yi karatu, dole ta nuna masa aikin da ba zai firgita shi ba, ta ce masa gobe wa zai duba matarka a asibiti. Wannan dabara ce mai kyau, ta kuma yi aiki a lokacinta. Shaidar nasararta ita ce, yau kakarmu da bakinta take cewa ga aikin asibiti nan. Amma shekara talatin da ɗoriya ke nan muna tsaye a kan dabara guda.

Abin da Ke Ƙasa: Misalin Bakolori

Wani zai ce ai mace da fasaha baƙin juna ne a ƙasar Hausa, marubuci ba zai ƙago abin da babu ba. Bari in kai mai karatu garinmu ya gani.

A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina. Tafkinta yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, an kuma shirya a shayar da gonaki kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Talatar Mafara da Bakura da Maradun. Dubban mutane suka bar gidajensu da gonakinsu, kuma a watan Afrilu na 1980 rikicin diyya tsakanin manoma da hukuma ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka masu yawa. Daga baya injunan yayyafin ruwa da aka kafa suka lalace, har sai da aka sa Bakolori cikin shirin gyara na TRIMING wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Duk wani ɗan ƙasarmu ya san direban katafila ko makaniki ko mai kula da famfo wanda ya koyi aikinsa a dalilin wannan dam. Dukansu maza ne.

Amma shinkafar da ruwan nan yake shayarwa, hannun wa take faɗawa bayan an yanke? Kakarmu, mai tambayar abin da ya gama mace da ƙarfe, ta fi shekara arba'in tana yin gumi. Takan jiƙa shanshera a ruwan ɗumi ta kwana, da safe ta tsame, ta zuba a tukunya da ɗan ruwa kaɗan a ƙasa, ta rufe da buhu ta turara har bakin ƙaiƙayin ya tsage, sa'an nan ta shanya. Ta san in wuta ta yi yawa shinkafa za ta yi duhu, in shanya ta wuce kima za ta kakkarye wajen casa, in ba ta kai ba za ta yi fumfuna. Ba ta da ma'aunin zafi ko na danshi, ƙwaya ɗaya take sa wa a haƙori ta gaya maka saura rana nawa. Abin da masana kimiyyar abinci suke bayani, cewa tururi yana daskarar da garin da ke cikin ƙwayar ya ƙara mata tauri, yana kuma tura amfanin da ke jikin dusa zuwa ciki, ita ta san shi a aikace. Haka mai matse man gyaɗa, da mai daddawa, da mai kaɗi da ta san nauyin mazarin da ya dace da abawa da wanda ya dace da siririn zare. In wannan ba fasaha ba ce, to mene ne sunanta?

Ga inda gizo yake saƙa. Muddin aikin yana turmi da taɓarya, na mata ne. Ran da injin niƙa da injin casa suka shigo, aikin ya fara kawo kuɗi masu auki, sai ya koma hannun maza. Mace ita ce mai aiko da yaro da kwano, namiji shi ne mai tayar da injin da gyara shi da karɓar kuɗi. Ba a kori mata daga fasaha don ba su iya ba. Fasahar ce ta sake tufafi, ta fita daga cikin gida, ba a kuwa bar su sun bi ta ba. Su ma ba kullum suke naɗe hannu ba: wani nazari da aka buga a 1978 ya ba da labarin matan ƙauye masu ƙwadago a gonar kayan lambu ta wani kamfanin Turawa a yankin Kadawa ta Kano, waɗanda suka yi yajin aiki don neman ƙarin lada.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ne wannan ya samu. A Ingila, mace ce, Ada Lovelace, ta rubuta a 1843 abin da masana da yawa suke ɗauka shi ne tsarin umarni na farko ga na'ura mai lissafi. A Amurka, mata shida ne suka fara tsara wa kwamfutar ENIAC aiki a 1945 zuwa 1946, lokacin da ake ganin abin kamar aikin akawu ne. A 1984 mata sun kai kusan kashi 37 cikin 100 na masu samun digirin farko na ilmin kwamfuta a can, amma da aikin ya yi daraja da tsada, adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 18 a 2010. Labarin injin casa ne aka maimaita da Turanci. Bambancin shi ne, su sun waiwaya sun rubuta. Littafin Hidden Figures da fim ɗinsa, duka a 2016, sun fito da Katherine Johnson da sauran baƙaƙen mata masu lissafi na hukumar NASA, har yarinyar da ba ta taɓa jin sunansu ba ta sami wadda za ta nuna wa iyayenta.

Ɗakin da Ba Mu Shiga Ba

Babban giɓin da ke cikin labaranmu shi ne wurin aikin kansa. Marubuci yakan raka tauraruwa har ranar bikin yaye ɗalibai, a yi hotuna, a ɗaura aure, a rufe littafi. Alhali kuwa a nan ne labarin yake farawa.

Wata 'yar baffana ta karanta lantarki a wata kwalejin fasaha, aka tura ta koyon aiki na watanni a wani kamfani. Ranar farko shugaban wurin ya dube ta ya ce, "Hajiya, ke ai ba za mu wahalar da ke ba," ya sa mata kujera a bakin ƙofa tana rubuta sunayen baƙi. Samarin da suka zo tare kullum suna fita da mota wajen kafa faifan sola da jan waya, ita an ce wurin da nisa, rana da zafi, kuma babu takalmin aiki daidai ƙafarta. Makewayi guda ne, na maza, sai ta shiga gidan maƙwabta. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya ɗaga mata murya. Da ladabi da girmamawa aka hana ta koyon komai, littafin da za ta cike da ayyukan da ta yi ya kusa wata biyu fari fat. Abin da ya cece ta wani dattijon ma'aikaci ne, wanda wata rana ya ajiye mata mita da sukundireba a kan tebur ya ce, "'Yata, taso ki gaya mini abin da ya kashe wannan inbata." Ta gano, ya gaya wa shugaba a gaban kowa. Daga ranar aka fara sa sunanta cikin masu fita.

Ina tambayar 'yan'uwana masu sha'awar rubutu, me wannan labari ya rasa? Ga tauraruwa, ga buri, ga abokin gaba wanda bai ma san shi abokin gaba ba ne, ga mataimaki, ga ranar gwaji. Ga kuma tambayoyin da za su cika babi goma: wa zai riƙe mata jariri ran da aka kira ta gyara, me mijinta zai ce wa abokansa, yaya za ta ba wa namijin da ya girme ta umarni ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, wa za a ƙara wa girma ran da ta tafi hutun haihuwa. Ko doka ma tana da nata babin. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta shekarun 1970 ta zo da sashe na 55, wanda ya hana sa mace aikin dare a masana'anta, amma ya keɓe nas-nas da masu riƙe da muƙamin shugabanci. Ashe mai doka da mai ƙaga labari bakinsu ya zo ɗaya: nas ta kwana a bakin aiki, mai gyaran injin ta koma gida.

Wannan labari ya kuma nuna mana ma'anar taimakon mace a wurin aiki. Ba kujera mai laushi ba ce. A ba ta kayan aiki a hannu, a tanadi makewayi da wurin salla da takalmi daidai ita, a shirya tafiya yadda hankalin iyayenta zai kwanta, a sami babba da zai koya mata, in ta yi daidai kuma a faɗa da sunanta.

Amsa ga Masu Suka

Na gwada wannan ra'ayi a kan abokaina, ga abin da suka ce.

Wani ya ce irin waɗannan mata ba su da yawa a cikinmu. Na ce ko da gaskiya ne, Kilba nawa ne suka je sama kafin 1969? Balle ma akwai su. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure ta haifi 'ya'ya kafin ta shiga jami'a, ta zama masaniyar kimiyyar sararin sama, ta kuma karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier a 2015. Maryam Lawan Gwadabe ta kafa cibiyar Blue Sapphire a Kano inda matasa suke koyon fasahar kwamfuta. A nan Gusau akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha wadda mata zalla take ɗauka, ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. A ƙasa baki ɗaya, Injiniya Joanna Maduka ta kafa ƙungiyar mata injiniyoyi tun 1982, kuma a 2024 Injiniya Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1958. Rayuwa ta riga alƙalami.

Wani ya ce ƙasar da ba a kwana da ido biyu rufe, wa yake zancen kwamfuta? Wannan suka tana da nauyi. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yammata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙasar Talatar Mafara, aka sako su ran 2 ga Maris. Ran 1 ga Satumba na shekarar aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, sa'an nan aka rufe layukan waya na jihar Zamfara har makonni da dama. Amma ni a ganina wannan ya ƙara wa hujjata ƙarfi ne. Uban da zai bar 'yarsa ta tafi makaranta a irin wannan hali, sai ya auna hatsarin da abin da ke ƙarshen hanyar. In duk abin da aka taɓa nuna masa shi ne za ta dawo ta zauna da takarda a akwati, ba zai ɗauki kasadar ba.

Wani ya ce adabi ba wa'azi ba ne. Na yarda ɗari bisa ɗari. Ba ina roƙon a liƙa wa tauraruwa "Injiniya" a gaban suna ba, kamar yadda ake liƙa "Dakta", sa'an nan a shafe shafi ɗari biyu ana kwatanta leshinta da motarta. Wannan ya fi rashin ambaton muni. Ina so in ji warin dalma a hancina, in ga ta yi kuskure ta ƙone wani abu, ta ji tsoro, ta sake gwadawa.

Na ƙarshe ya ce Hausa ba ta da kalmomin. Na ce ya je ya karanta Ikon Allah na East da Abubakar Imam, ya ga yadda aka yi bayanin kimiyya da Hausa tun kafin a haifi iyayenmu. In bai gamsu ba ya zauna awa guda a garejin makanikai ko rumfar masu gyaran waya, ya ji ko da wane harshe ake koya wa yara aiki.

Kammalawa

A cikin wannan takarda na yi ƙoƙarin nuna cewa ƙagaggun labaranmu sun ci yaƙin zaɓin miji da na shiga makaranta, amma sun tsaya a bakin ƙofar wurin aiki, kuma ko da suka leƙa, aji da asibiti suka gani. Na nuna cewa matan Hausa tsofaffin ma'abota fasaha ne, injin ne ya raba su da ita. Kayan labari kuwa ga su nan zube daga Bakolori har Kadawa.

Shawarata ga 'yan wannan ƙungiya ita ce, kafin wani ya sake rubuta labarin 'yar attajiri da ɗan talaka, ya taka zuwa tsangayar injiniyanci ko sashen kwamfuta, ya nemi izini ya zauna da 'yan'uwanmu mata da suke karatu a can, ya tambaye su yadda suka iso da abin da suke tsoro in sun fita. Malamanmu kuma su taimaka da sa irin wannan jigo cikin gasar rubutu ta ƙungiya.

Ita kuwa ƙanwata, da ban sami littafin ba sai na kira 'yar baffanmu ta zo ta zauna da Inna da kakarmu, ta ba su labarinta da bakinta, har da na dattijo mai mita. Kakarmu ta saurara har ƙarshe, ta ce a kawo mata fitilarta da ta mutu a gwada yarinyar a gabanta. Baba bai ce komai ba tukuna, amma ya karɓi takardar neman shiga makarantar ya sa a aljihu. Ba kowace yarinya ce take da 'yar baffa irin wannan ba. Saboda su ne ya kamata a rubuta littafin.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure, ƙofar gyara a buɗe take ga malamai da 'yan'uwa ɗalibai, musamman ma wanda zai kawo mini littafin da na kasa ba ƙanwata. Shi kam zan fi kowa murna da ya ƙaryata ni.